Wane keke ya dace da fararen hanyoyin Tuskani?

Tsakanin Fulorans da Siyena, a yankin Tuskani na ƙasar Italiya, akwai ƙasar tuddai da ake kira Kiyanti. Gonakin inabi ne da na zaitun iya ganinka, kuma da yawa daga hanyoyin da suka ratsa su ba su da kwalta, burji ne fari fat. Shi ya sa mutanen wurin ke ce musu strade bianche, wato fararen hanyoyi. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke a hanyar burjin ƙauye ya san halinsu: gargada, tsakuwa mai zamewa a kwana, ƙura idan an yi rana, taɓo idan an yi ruwa. Abin da ya ƙaru a nan shi ne hawa, gajere amma a tsaye, ka gangara, ka sake tarar da wani, haka har yamma. Hanyar L'Eroica (taron mahaya tsofaffin kekuna na shekara-shekara) mai alamomi, wadda ta tashi daga garin Gayole ta zagayo ta Montalcino, kilomita 209 ce, kuma hawan da ke cikinta idan aka haɗa ya haura mita 3,000.

Mai shago zai fara nuna maka jikin keken da rashin nauyinsa. Kai kuwa ka fara duba faɗin taya, sannan giya, sannan birki. A kan waɗannan ukun za ka auna duk abin da aka ajiye a gabanka.

Na farko shi ne keken tsere na kwalta. Mai son sa yana da hujja: ai da shi ƙwararru ke yin gasar Strade Bianche, wadda aka fara a 2007 kuma ake kammalawa a dandalin Piazza del Campo na Siyena. Gaskiya ne. Da irinsa ɗan tseren keke Tadej Pogačar ya tsere wa kowa a 2024 tun saura kilomita 81, daga hawan Monte Sante Marie. Sai dai shi motoci na biye da shi ɗauke da kekunan canji, kuma ƙafarsa ba irin tamu ba ce. Kai idan tayarka mai faɗin milimita 28 ta yi faci a tsakiyar gonar inabi, daga kai sai famfonka. Idan kana da irin wannan keken a gida kuma yana karɓar taya mai milimita 32 zuwa 35, zai kai ka, da ɗan jijjiga da taka-tsantsan a gangara. Amma kada ka sayi sabo saboda wannan tafiyar.

Na biyu keken duwatsu, mai miƙaƙƙen kai da shok a gaba. Ba ya tsoron komai, giyarsa mai taushi ce, kuma wanda bai saba gangara kan tsakuwa ba zai fi samun natsuwa a kansa. Aibinsa ɗaya: fararen hanyoyin guntu-guntu ne, kwalta ce ke haɗa su, kuma a kan kwalta wannan keken jan ƙafa yake yi. Ga hannu a wuri guda tun safe, kafin la'asar ya yi tsami. Ya yi wa mai zagayen kilomita 40 ko 50, ba mai neman wuce 100 ba.

Na uku shi ne keken burji, wanda aka ƙera don wannan aikin: kai lanƙwasasshe irin na tsere, jiki mai ɗan tsawo don kada ya riƙa rawa, da sarari na faffaɗar taya. Shi na fi karkata gare shi, amma sunan kaɗai ba ya isa, domin a cikinsu ma akwai wanda zai wahalar da kai.

Fara da taya. Milimita 38 zuwa 45 shi ne daidai, ni kuma 40 ko 42 nake ba da shawara. Faffaɗar taya tana ba ka damar rage iska, kuma ƙarancin iska ne ke shanye gargada, ba tsadar keke ba. Mutum mai nauyin kilo 75 zai iya tafiya da iska wajen bar 2.5 (bar ma'aunin ƙarfin iska ne) a taya mai milimita 40. Wanda ya ɗura mata iska ta yi tauri kamar ta kwalta ya ɓata kuɗinsa. Kada haƙoranta su yi manya, ƙanana a tsakiya da ɗan tudu a gefe sun wadatar, tunda ƙasar a daddaɓe take. Sai batun tub. Taya marar tub, wadda ake zuba wa ruwan liƙi a ciki, tana toshe ƙananan huda da kanta kana cikin tafiya, kuma ba ta yin facin nan da tub ke yi idan dutse ya matse shi da rim. Tana son a riƙa sabunta ruwan bayan 'yan watanni, kuma duk da haka ka riƙe tub ɗaya a jaka, saboda kaifin dutse kan yaga gefe.

Giya kuwa (ta keke nake nufi, tunda a ƙasar inabi muke) ita ce inda mutane suka fi yin kuskure. Lissafin mai sauƙi ne: raba haƙoran ƙaramin faranti na gaba da na babban faranti na baya; iya ƙanƙantar sakamakon, iya taushin giyar. Keken kwalta mai 34 a gaba da 32 a baya ya ba ka 1.06. Tsarin giya na Shimano GRX, wanda ya fito a 2019, mai faranti biyu 46 da 30 a gaba da 34 a baya, ya ba ka 0.88. Mai faranti ɗaya 40 da 42 a baya ya ba ka 0.95. Bambancin kamar ba komai a takarda, amma a hawan da ya kai kashi 15 cikin ɗari shi ne tsakanin tuƙawa da turawa. Dalili kuwa, a kan kwalta kana iya miƙewa tsaye ka danna feda, a kan tsakuwa da ka ɗaga daga sirdi tayar baya za ta fara juyawa a banza. Dole ka hau a zaune, a zaune kuma sai da giya mai taushi. Duk abin da ya haura 1, bar shi a shago.

Faranti ɗaya ko biyu? Ɗaya ya fi sauƙin kula, sarƙa ba ta yawan faɗuwa. Biyu ya fi daɗi a kwalta, saboda tazarar da ke tsakanin giya da giya ba ta da yawa. A Kiyanti na fi son biyu, amma ba abin faɗa ba ne.

Birki mai faifai ya zama dole, kuma idan aljihu ya yarda ka ɗauki mai aiki da mai a kan mai waya. Gangarar nan tana da tsawo da kwana, kuma yatsun da suka gaji ba sa iya matse waya yadda ya kamata.

Jikin keke shi ne na ƙarshe. Kabon ya fi alminiyam rashin nauyi, amma ratar ba ta cika wuce kilo ɗaya ba, kuɗin kuwa ya yi nisa, ga tsakuwa na dukan cikinsa duk yini. Ƙarfe yana da nauyi da juriya. Alminiyam mai cokalin gaba (abin da ke riƙe tayar gaba) na kabon, da rarar kuɗin a sa a taya da birki, shi ne cinikin da ba a cika nadama ba.

Akwai kuma keke mai batir, kuma ba abin kunya ba ne, musamman ga iyali ko wanda gwiwa ta fara yi wa gardama. Dokar Tarayyar Turai ta tsayar da injinsa a wat 250, kuma yana daina taimako a gudun kilomita 25 a awa. Sai dai jiragen fasinja ba sa ɗaukar batirin da ya wuce wat-awa 160, na keke kuwa ya ninka haka, don haka wanda zai zo daga nesa haya ce mafita. Hasali ma duk mai tafiyar mako ɗaya ya fara tambayar shagunan haya na Siyena da Gayole kafin ya ɗauko nasa, ya dai aika musu tsawonsa tun da wuri, ya tambayi faɗin taya da giya mafi taushi, ya zo da sirdinsa da fedarsa.

Idan kuma niyyarka shiga taron L'Eroica ne kansa, wanda Giancarlo Brocci ya kafa a 1997 da mahaya 92, ake kuma yi a farkon Oktoba, to duk wannan lissafin ya rushe. Can keken tsere na ƙarfe ake so, ƙirar 1987 ko kafin nan, ko sabo da aka ƙera a kan wannan salon, mai maɓallin giya a jikin bututu, da feda mai maɗauri, da wayar birki a waje. Mai keken burji na zamani sai ya nufi taron Nova Eroica a garin Buonconvento, ko ya bi hanyar mai alamomi a duk ranar da ya ga dama, domin a buɗe take duk shekara.