Wata shida da agogon ƙirga taku a hannuna

A Kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna na saye shi, a layin masu wayoyi, daidai lokacin da hunturu ya fara kaɗawa. Ba sai na ambaci sunan kamfanin ba, irinsa sun cika kasuwa kuma duk kanwar ja ce: baƙin agogo siriri mai madaurin roba, yana ƙirga taku, yana auna bugun zuciya, yana kuma iƙirarin ya san yadda ka kwana. Yaron shagon ya ce min, "Alhaji, wannan har hawan jini yake aunawa, ka huta da layin asibiti." Muka daidaita a naira dubu 25, ya ɗaura min a hannu tun a nan.

Ba gayu ya kai ni ba. Na daɗe ina tashi da gajiya kamar wanda ya kwana dakan sakwara. In na dawo daga sallar asuba sai in koma gado, in farka wajen bakwai da rabi kaina ya yi nauyi, a shiga guje-gujen kai yara makaranta, ƙarfe sha ɗaya na yi ina hamma a ofis. Ga tumbi ya fara leƙowa. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, wata rana ta zo gida da na'urarta ta auna ni ta samu 138/88. Ta ce, "Yaya, kana bakin gaɓa fa. Daga 140/90 ake kiransa hawan jini." Maganar ta tsaya min a rai.

Makon farko agogon ya tona min asiri. Ni a lissafina ina barcin awa bakwai. Shi kuwa ya nuna awa biyar da 'yan mintuna, kwana bakwai a jere, har da ɗan barcin bayan asuba a ciki. Da na duba lokacin kwanciyata sai na ga sha biyu da rabi, wani lokaci ɗaya saura. Bayan isha'i ina majalisa har sha ɗaya, a can kuma ba a rasa kofi biyu na shayi mai kauri daga teburin mai shayin bakin layinmu. In na shigo gida sai waya: WhatsApp, Facebook, muhawarar siyasa da mutanen da ban taɓa gani ba. Na nuna wa uwargida allon wayar ina mamaki, ta dube ni ta ce, "Malam, sai da ka kashe dubu 25 kafin ka yarda da abin da nake gaya maka kullum kyauta?" Ban ce komai ba, don ba ni da ta cewa.

Amfaninsa mafi girma a wurina ke nan, kuma a makon farko na same shi. Na je neman maganin safiya, ashe ciwon a dare yake. Likitoci sun ce baligi na bukatar aƙalla awa bakwai. Mutumin da zai tashi biyar da 'yan mintuna domin asuba, in yana son bakwai ɗin nan, goma ta same shi a gado. Lissafin bai da wuya, amincewa da shi ne wuya. Malamai ma sun sha karanta mana cewa Annabi (SAW) ba ya son barci kafin isha'i da hira bayanta, muna jin karatun muna gyaɗa kai, muna idarwa mu wuce majalisa.

Amma kada a ɗauka duk abin da ya faɗa game da barci gaskiya ne. Kullum da safe yakan zana min jadawali mai launi: wannan barci mai nauyi, wannan mara nauyi, wannan na mafarki. Abin da agogon yake da shi biyu ne kacal, ɗan abin da ke jin motsin hannu da koren fitilar nan ta bayansa da ke haska fata tana lura da yadda jini ke bugawa. Daga nan yake kintace. A asibiti in za a auna matakan barci da gaske, wayoyi ake manna wa mutum a ka ana karanta aikin ƙwaƙwalwa. Akwai daren da janaretan maƙwabci ya hana ni runtsawa, na kwanta shiru ina kallon silin har kusan ƙarfe biyu, gari na wayewa agogo ya yi min albishir da barci mai nauyi na minti 50 a daidai wannan lokacin. Tun daga ranar abu biyu kawai nake dubawa: yaushe na kwanta, yaushe na tashi. Ƙailula kuwa, in gajera ce, ko kallonta ba ya yi. Da azumi ya zo, barcin ya rabu gida uku tsakanin tarawihi da sahur da hantsi, ya rikice gaba ɗaya.

Ƙirgan taku ya fi dama, sai dai shi ma akwai abin dariya. Ranar farko na tashi da taku 3,100, daga gida zuwa mota, daga mota zuwa kujera. Na ji kunya. Amma ranar da na shiga Keke Napep zuwa wani ɗaurin aure a Rigasa, gargadar hanya ta ba ni taku kusan dubu biyu ina zaune. Uwargida ta ara ranar wata Asabar da ta yi wanki da daka, ta tashi da dubu tara ba ta taka ƙofar gida ba. In dai tafiya ce ta sosai, hannu yana lilo, ƙirgansa yana kusa da daidai. Na gwada da bakina, taku 500 ya ba ni 490 da wani abu.

Yana zuwa da taku 10,000 a matsayin abin da za ka cika kullum, in ka cika ya yi ta rawa a hannunka yana nuna kofi. Da farko abin ya dame ni, har nakan yi ta zagaye tsakar gida da dare don in cike gurbi, yara suna leƙe ta taga. Daga baya na gane lambar nan ba daga ɗakin bincike ta fito ba. Wani kamfani ne a Japan ya fitar da na'urar ƙirga taku a 1965, bayan gasar Olamfik ta Tokyo ta 1964, ya sa mata suna Manpo-kei, wato ma'aunin taku dubu goma. Sunan talla ne ya bi duniya. A 2019 masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun wallafa sakamakon bin diddigin mata tsofaffi da suka yi, inda suka ga masu yin taku wajen 4,400 a rana sun fi masu yin 2,700 tsawon rai, amfanin yana ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ya daidaita. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma da minti take magana: 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiyar da za ka iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. Minti 30 sau biyar ke nan. Na shiga manhajar agogon da ke wayata na mai da burina 7,000, hankalina ya kwanta.

To ina zan samo minti 30 ɗin? Babu inda ya rage sai gurbin barcin bayan asuba. Nan aka yi yaƙi. A Disamba da Janairu rana ba ta fitowa a Kaduna sai bakwai saura, ga sanyi ga ƙura, bargo yana kira. Na samu maƙwabta biyu, wani dattijo ɗan fansho da wani matashi malamin makaranta, muka yi alkawari: in an idar mu zauna a masallaci mu yi azkar har gari ya yi haske, sannan mu zaga unguwa. Ba ma fita cikin duhu, kowa ya san dalili. Ranar da hazo ya yi yawa mu sa takunkumi. Dattijon nan ya fi mu sauri, yana tafe yana jan carbi, in na tsaya duba agogo sai ya ce, "Ɗana, ƙafa ke tafiya ba hannu ba." Ranar Asabar mukan tafi Dandalin Murtala, inda za ka tarar da jama'a tun sassafe, masu gudu, masu ƙwallo, hajiyoyi cikin hijabi da takalmin kambas suna zagaye a natse.

Abin da ban zata ba shi ne tafiyar safe ta gyara min dare. Jikin mutum yana da nasa agogon na kimanin awa 24, wanda masana uku 'yan Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, suka samu kyautar Nobel a 2017 saboda gano yadda yake aiki. Haske ne ke saita shi. In hasken safiya ya shiga ido, jiki yana rage sinadarin melatonin mai jawo barci, sannan ya sake sakinsa da wuri in dare ya yi. Hasken waje, ko da rana ba ta fito sosai ba, ya ninka na ƙwan ɗaki nesa ba kusa ba. Bayan kamar mako uku sai na ga goma na yi idona ya fara lumshewa a majalisa. Abokai suka sa min suna "ango".

Shayin dare ma dole na sallama shi. Sinadarin caffeine mai hana barci da ke cikin ganyen shayi da kofi da goro yakan ɗauki wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, ka ga kofin ƙarfe goma yana nan yana aiki har ukun dare. Yanzu daga la'asar ba na shan mai ganye, mai shayinmu ya san nawa: ruwan citta da kanumfari, ba sukari. Da safe in na dawo tafiya in sha ruwa kofi biyu, sannan koko da ƙosai ko ƙwai. Burodi da shayi mai cokali huɗu na sukari shi ke kwantar da ni a kujerar ofis, ban sani ba sai da na bari.

Maganar awon hawan jini kuwa, yaron shago ya yi min romon baka. Kullum 120/80 ko kusa da haka yake ba ni, ko na huta ko na hau bene. Ƙanwata ta cire shi daga hannuna ta ɗaura wa gorar ruwa, ya yi ɗan tunani ya ce gora tana da 118/79. Muka yi dariya, amma ta ɗaure fuska ta ce, "Yaya, wannan ba abin wasa ba ne. Wani zai bar shan magani saboda shi." Gaskiyarta. Mai hawan jini ko ciwon suga kada ya jingina da wannan, ya nemi na'urar da ake ɗaurawa a damtse, ya kuma ci gaba da ganin likitansa. Bugun zuciya dai in ina zaune yana dacewa da abin da na ƙirga da yatsa a wuyan hannu.

Sauran ƙananan abubuwa: kwalin ya ce batir yana kwana goma, ni shida nake samu, wanda a yanayin wutarmu ba laifi. Wayar cajinsa ta daban ce mai maganaɗisu, in ta ɓace ka shiga uku. Ruwa ba ya shiga, sai dai dole ka sassauta shi a kowace alwala don ruwa ya game hannu, sau biyar a rana abin yana gundura. Da zafin Maris da Afrilu ya zo, gumi ya taru ƙarƙashin robar ya fito min da ƙuraje, sai da na riƙa sauya hannu. Manhajar duk Turanci ce, kuma tana neman izinin shiga lambobin waya da hotuna, na hana ta, ta ci gaba da aiki lafiya lau. Abin da na fi so a jikinsa shi ne farkarwa: ba ya ƙara, girgiza yake a hannu, in tashi asuba ba tare da na tashi jaririya ba. Uwargida ta ce wannan kaɗai ya biya kuɗinsa.

Yanzu barcina yana kaiwa awa shida da minti 40 a yawancin darare. Ban kai bakwai ba, daren Juma'a kuma har yanzu majalisa tana cin nasara a kaina. Bugun zuciyata in ina hutawa ya sauko daga 82 zuwa 74, awon ƙanwata na ƙarshe ya nuna 128/82, wandunan da na ajiye biyu sun koma shiga. Hammar ƙarfe sha ɗaya ta tafi. Wanda ya riga yana kwanciya da wuri yana yawo da ƙafa, ya riƙe kuɗinsa ya sayi takalmi mai kyau. Mai taurin kai irina, wanda ba ya yarda sai ya ga lamba, zai amfana da shi, ko da na wata biyun farko ne.

Makon jiya madaurin ya tsinke a wajen ramin da nake sawa kullum. Kwana tara ke nan agogon yana cikin durowa, kuma ban fasa fita ba ko sau ɗaya, don dattijon nan yana tsaye a ƙofar masallaci yana jira. Ranar Asabar zan leƙa kasuwa ko zan samu madauri na yadi. In ban samu ba, babban ɗana ya riga ya ce a bar masa, wai zai ɗaure da kyauro.