Ina Ya Fi Dacewa a Kai Ayarin Bas Guda: Kwatancen Wuraren Ziyara Kafin a Biya Kuɗi

Duk wanda ya taɓa zama madugun mutum 50 a cikin bas guda ya san cewa wurin da ya ƙayatar da shi ranar da ya je shi kaɗai ba lallai ba ne ya iya ɗaukar jama'arsa. Doguwar bas ta yawon buɗe ido takan kai tsawon mita 12, tsayinta kuma ya kusa mita 4, saboda haka kafin a yi maganar kyan wuri sai an san inda motar za ta tsaya ta sauke mutane, da yawan banɗakin da ke kusa da ƙofa, da kuma ko dattijo mai ciwon gwiwa zai iya zagayawa ba tare da ya wahala ba. Nisan hanya ma abin lura ne, domin a ƙasashen Tarayyar Turai doka ta wajabta wa direba hutun minti 45 bayan tuƙin awa 4 da rabi, kuma awa 9 ne iyakar tuƙinsa a yawancin ranaku.

Idan aka auna da waɗannan, ban ga abin da ya kai gidan tarihi na fili ba, wato wanda ake kwaso tsofaffin gidaje da rumbuna da maƙeru daga ƙauyuka a sake gina su a fili ɗaya. Artur Hazelius ne ya buɗe Skansen a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 1891, ya tattaro gine-gine daga sassan ƙasar domin kada rayuwar manoma ta ɓace da zuwan masana'antu, kuma wasu ƙasashe suka yi koyi da shi. A Wales akwai St Fagans kusa da Cardiff, wanda aka buɗe a 1948, mai gine-gine fiye da 40. A Suwizalan akwai Ballenberg, da aka buɗe a 1978, inda gidaje sama da 100 suke warwatse a cikin kwari da daji. A arewa maso gabashin Ingila akwai Beamish, inda tsofaffin motocin dogo na cikin gari suke ɗaukar baƙi daga unguwar masu haƙar kwal zuwa titin kantuna irin na farkon ƙarni na 20. A Amurka kuma Henry Ford ya kafa Greenfield Village a Dearborn, ya kwaso har da shagon kekunan 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright da suka tayar da jirgin sama a 1903.

Abin da ya sa nake fifita irin waɗannan wurare shi ne ayari ba ya tafiya da ƙafa ɗaya. Da zarar an wuce ƙofa, matasa su yi gaba, masu son sana'ar hannu su tsaya gaban maƙeri ko masaƙi suna tambaya, iyaye su sami inda yara za su yi gudu ba tare da mai gadi ya tsawatar ba, tsofaffi kuma su zauna a benci su huta. Madugu ya faɗi lokacin haɗuwa da wurin haɗuwa, shi ke nan. Mafi yawansu a bayan gari suke, don haka filin ajiye manyan motoci yana da yalwa, kuma jinkirin rabin awa a hanya ba ya rusa ziyarar. Suna da nasu aibin: ruwan sama yana ɓata yini, tafiyar ƙafa tana da yawa, wasunsu kuma kamar Ballenberg suna rufewa a lokacin sanyi, don haka a duba kalandarsu kafin a sa rana.

Manyan gidajen tarihi na tsakiyar birni suna da kayan da babu irinsu, amma wurin da kusan mutum miliyan 9 suke shiga a shekara, kamar Louvre na birnin Faris, yakan tarwatsa ayari tun a zauren farko, ga shi kuma ba ya buɗewa ranar Talata. Gidan namun daji ya dace da 'yan makaranta kawai. Koguna da tsofaffin ganuwoyi masu ƙunƙuntar matakala sukan bar rabin mutane a ƙasa suna jira.

Wuraren da ake shiga bisa ƙayyadadden lokaci su ne suka fi ba ni tsoro. A fadar Alhambra ta birnin Granada a Sifaniya, tikitin yana ɗauke da sunan mai shi, ana neman katin shaida, kuma wanda ya makara ga lokacin da aka rubuta masa na shiga fadojin sarakunan Banu Nasr ya rasa damarsa. Wurin ya cancanci gani, amma haɗa shi da bas da cunkoson hanya kasada ce.

A irin wannan wuri ne na taɓa ƙonewa. Na sayi tikitin mutum fiye da 40 daga wani shafin intanet mai ɗauke da hotunan wurin da tambari mai kama da nasu, aka aiko mini da takardu masu lamba, na buga su na raba. Da muka isa ƙofa, na'urar tantancewa ta ƙi karɓar ko ɗaya, lambar wayar da ke jikin rasit kuma ba ta shiga. Mutanen da suka amince mini da kuɗinsu suka tsaya a rana, wasu sun taso tun asuba. Tun daga ranar ba na biyan ko sisi sai na rubuta wa sashen karɓar ayari na wurin da kansa, na sami amsa daga adireshinsu mai ɗauke da rana da lokaci da adadin mutane.

Masu wannan damfara suna biyan kuɗin talla domin shafinsu ya fito a saman sakamakon bincike, sama da na ainihin gidan tarihin, don haka a karanta adireshin shafin harafi bayan harafi, a kuma duba sunan kamfanin da ke ƙasan shafin. Wasunsu ma tikitin gaske suke sayarwa, sai dai sun saye shi da yawa ne su ɓoye su tsawwala. Abin ya yi ƙamari a Colosseum, tsohon dandalin wasanni na birnin Rum, har aka koma sa sunan mai ziyara a jikin tikiti a 2023, sannan a 2025 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci tarar wasu kamfanoni kusan yuro miliyan 20 kan ɓoye tikiti. Mutumin da ya tare ku a bakin ƙofa da kati a wuya yana cewa zai shigar da ku ba layi, ko yana cewa wurin a rufe yake yau amma ya san wani, a wuce shi a tambayi ma'aikacin da ke cikin tagar sayar da tikiti. Haka nan ɗan jagora, a nemi ya nuna lasisinsa a ƙasashen da doka ta tanadi hakan.

Akwai kuma cutar da ke zuwa daga cikin motar kanta. Wasu masu shirya tafiya suna rage farashi, sannan su maido da kuɗinsu ta hanyar tsayar da bas a kantunan da ke ba su la'ada, har awa biyun da aka ware wa gidan tarihi ta koma minti 40. Wasu kuma su nuna hoton sabuwar mota, ranar tafiya su kawo tsohuwa marar na'urar sanyaya iska. A sa komai a rubuce a cikin yarjejeniya: kowace tsayawa da tsawonta, adadin kujeru, ko kuɗin shiga da na ajiye mota suna ciki, da abin da za a mayar idan aka soke tafiyar. Kuɗin kafin alƙalami kaɗan ya isa a farko, sauran kuɗin kuma a riƙe shi sai an ga motar da takardunta da inshorarta.