DSHB ta Iowa: antibodin da suka cancanci kuɗi ga mai binciken jinin ƙudan Drosophila

Duk wanda ya ɗauki gilandin limfa na tsutsar Drosophila, wato gaɓar da ke ƙera mata ƙwayoyin jini, a matsayin fagen bincikensa, ko ba jima ko ba daɗe sai ya yi odar kaya daga DSHB, ma'ajiyar antibodi (furotin da ke manne wa wani furotin takamaimai don a gan shi da rini) da ke sashen nazarin halittu na Jami'ar Iowa a Amurka. Hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ce ta kafa ta a 1986, ba don riba ba. Masu bincike ne ke ajiye ƙwayoyin da ke samar da antibodin, ita kuma ta raba wa duniya a kan kuɗin ɗawainiya. Shi ya sa farashinta bai kama ƙafar na kamfanonin kasuwanci ba. Wajen shata yankunan gilandin da ƙirga ƙwayoyi, babu inda ya fi ta arha da amfani. Wajen nuna cewa wani saƙo yana aiki a cikin ƙwaya kuwa, kayanta kaɗai ba za su kai ka gaci ba, kuma nan ne ɗalibai da yawa ke tafka kuskure.

Reshen gaba na gilandin ya kasu uku. A tsakiya akwai ɗanyun ƙwayoyin da ba su zaɓi makomarsu ba tukuna. A gefe akwai nunannu: plasmatosait, waɗanda su ne kusan kashi 95 cikin 100 na ƙwayoyin jinin tsutsa, sai ƙwayoyin kiristal kimanin kashi 5. A can ƙarshen baya kuma akwai ɗan gungun da ake kira PSC, ƙwayoyi 30 zuwa 40 a tsutsar da ta girma, mai aika wa sauran ƙwayoyi saƙo ta furotin Hedgehog da Serrate da Pvf1. Nau'i na uku na jini, lamelosait, ba a cika ganinsa a lafiyayyar tsutsa ba sai ƙaramin zanzaro irin Leptopilina boulardi ya dasa mata ƙwai.

Abin da za a fara saya shi ne antibodin furotin Antp, mai lamba 8C11 ko 4C3. Yana kama nukiliyas na ƙwayoyin PSC tsaf, har a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ƙirga ita ce awon da ake yi idan an taɓa saƙon Dpp, mai hana PSC yawaita, ko Wingless, mai ƙara masa yawa. Sai Hnt 1G9 na ƙwayoyin kiristal, shi ma mai ƙarfi ne, ba ya wahalarwa. Antibodin Lozenge ya fi shi rauni, yana son a zuba da yawa, amma yana da abin da Hnt ba shi da shi: yana kama ƙwayar tun farkon karkatarta zuwa kiristal, bayan Serrate ya tayar da Notch, furotin da ke karɓar saƙonsa a jikin ƙwaya. Mai son sanin ko Notch ya gaza fara aikin ne ko ya gaza kammala shi, dole ya mallaki duka biyun. DCAD2 yana fitar da yankin tsakiya, inda DE-cadherin ta fi yawa. CF.6G11 na integirin yana haska lamelosait, sai dai sauran ƙwayoyin jini ma suna da ɗan abin, don haka a haɗa shi da faloidin, rinin da ke fitar da zaren aktin na ƙwaya, a duba faɗin ƙwayar da siffarta kafin a yanke hukunci.

Na saƙonni ne ke buƙatar natsuwa. C17.9C6 yana gane ɓangaren Notch na cikin ƙwaya, C458.2H na waje. Dukansu suna gaya maka inda furotin ɗin yake zaune, ba ko yana aiki ba. Guntun Notch da ke shiga nukiliyas ya yi ƙanƙanta da yawa, ba kasafai rini ke nuna shi ba. A ƙwayoyin kiristal ma abin ya fi haka sarƙaƙiya, domin tun 2011 aka nuna cewa furotin Sima yana riƙe Notch a cikin 'yan jakunkunan ƙwaya ya ci gaba da aiki ba tare da Serrate ba. Don haka ɗigo-ɗigon da ka gani a can gaskiya ne, amma hujjar aiki sai da ƙudan rahoto, wato wanda aka sa wa alamar da ke bayyana idan saƙon ya yi aiki, irin NRE-GFP mai fitar da koren haske na GFP, ko mai ɗauke da lacZ a ƙarƙashin Su(H), wanda 40-1a na DSHB ɗin zai fitar maka.

Hedgehog ya ɗan fi sauƙi. 2A1 yana kama cikakken Ci, furotin da ke isar da saƙon Hedgehog cikin ƙwaya, wanda ke taruwa a inda saƙon ya hana a yanka shi, Apa1 kuma yana kama Patched, wanda saƙon da kansa ke ƙara yawansa. Idan duka biyun suka ragu a tsakiya, to akwai magana. Amma a yi hattara da fassara. Binciken 2007 ya kafa ra'ayin cewa Hedgehog daga PSC ne ke riƙe ɗanyun ƙwayoyi kada su nuna da wuri, sai ga na 2015 ya nuna cewa ko an kashe ƙwayoyin PSC, yawancin ɗanyun suna nan daram, kuma furotin Collier na cikin su kansu yana da hannu a riƙon. Raguwar Ci ba ta nufin dukan tsakiya ya rushe. A auna yankin da wata alama dabam.

Saƙon JAK/STAT kuwa, wanda shi ne zuciyar wannan fage, ba a DSHB za ka sami abin auna shi ba. Mutane na amfani da ƙudan rahoto 10xSTAT92E-GFP ko dome-MESO, daga ma'ajiyar ƙudaje ta Bloomington ko daga ɗakunan binciken da suka ƙirƙire su. Haka antibodin P1 na plasmatosait da L1 na lamelosait, daga ɗakin binciken István Andó da ke Szeged a ƙasar Hungary suka fito. Antibodin dpERK da pMad, masu nuna aikin wasu saƙonnin, kuma sai kamfanonin kasuwanci, da tsadarsu. A sa wannan a kasafi tun farko.

Babbar matsalar kayan DSHB ita ce kusan duka daga ƙaramin ɓera aka samo su. Antp, Hnt, Lozenge, Patched, Wingless 4D4, Notch, duka dabba ɗaya, saboda haka antibodi na biyu, mai ɗauke da launin da ke haska na farko, zai kama su gaba ɗaya da launi ɗaya. 2A1 da DCAD2 ne suka fito daga babban ɓera, shi ya sa suke da daraja wajen haɗi. Mafita uku ce: a duba ajin kowane antibodi a shafinsa a sayi na biyu mai bambance aji, ko a haɗa na ƙaramin ɓera da na babba, ko a bar GFP ta ɗauki launi ɗaya, kamar Hml-Gal4 na yankin gefe. Idan za a haɗa ɓerayen biyu, na biyun ya zama wanda aka tace don kada ya tsallaka, in ba haka ba launukan za su hau juna ka ɗauka furotin biyu ne suka haɗu.

Ana sayar da kayan a tsinke, mililita 1, ko a tace, wato mai kauri, mililita 0.1. Adadin antibodin da ke ciki yana sauyawa daga kwalba zuwa kwalba, don haka kwafo "1:20" daga takardar wani ba dabara ba ce. DSHB ta ba da shawarar a fara da maikurogiram 2 zuwa 5 a kowace mililita. Idan kwalbarka ta ce 40, lissafin ya faɗa tsakanin 1:8 da 1:20. A 1:10, da maikurolita 200 a kowane bututu, mililita ɗaya za ta yi rini 50, kuma ana iya sake amfani da ruwan idan an sa masa ɗan azaid, sinadarin da ke hana shi lalacewa.

Sau da yawa laifin da ake ɗora wa antibodi na hannu ne. A zaɓi tsutsar mataki na uku da ta fara hawa bangon kwalba, wajen kwana 5 bayan ƙwai a digiri 25, kafin ta tsaya cak, domin da ta doshi zama kwakwa, matakin da ke tsakanin tsutsa da ƙuda, gilandin ke fara warwatsewa. Cunkoso a kwalba ma yana sauya yawan nunannun ƙwayoyi, don haka a daidaita yawan ƙwai tsakanin rukunai. A cikin ruwan gishirin PBS mai sanyi, a riƙe ƙugiyoyin baki da hantsaki a ja, ƙwaƙwalwa da jijiyar baya su fito tare, gilandin na maƙale a jikin jijiyar kamar 'ya'yan inabi. Kada a raba shi da su sai a kan gilashi. Wanda ya raba da wuri, a ruwan wanki zai rasa shi. Fomaldihaid kashi 4 na minti 20 zuwa 30, wanki da PBS mai Triton kashi 0.1 zuwa 0.4, toshi da ruwan jinin akuya kashi 10, antibodi na farko ya kwana a digiri 4. A sa ɗan tokari ƙarƙashin murfin gilashi, in ba haka ba reshen zai baje, tsakiya da gefe su cakuɗe.

Dabarar da ta fi kowace biyan buƙata ita ce a jefa fayafayan fiffike da na ido, wato gaɓoɓin tsutsa da za su zama fiffike da ido, cikin bututu ɗaya da gilandin. Wingless yana zana layi a tsakiyar faifan fiffike, Patched yana zana nasa a gicciye, Ci yana cika ɓarin gaba, Lozenge da Hnt suna fitowa a faifan ido. 4D4 na Wingless musamman yana da rauni a gilandi. Idan layinsa ya fito sarai a fiffike amma gilandi ya yi duhu, antibodin lafiya lau yake, sai a nemi dalili a wani wuri.

Ga ɗakunan bincike na Kano, Zariya ko Yamai, ajiya ta fi oda wuya. Shawarar DSHB ita ce firij na mako biyu kacal, abin da ya wuce haka a raba shi kashi-kashi, kowane bai gaza maikurolita 20 ba, a daskarar a digiri 20 ko 80 ƙasa da sifili, kuma kada a yi ta narkarwa ana mayarwa. Inda wuta ke ɗaukewa, firiza da kanta take yin wannan narkarwar cikin dare ba wanda ya sani. Shi ya sa tataccen ya fi dacewa da mu: ana iya gauraya shi da gilisarol daidai wa daida, ba zai daskare ba a digiri 20 ƙasa da sifili, balle ƙanƙara ta lalata shi. A jera 'yan bututun cikin akwati tsakanin robobin ƙanƙara a can ƙuryar firiza, kuma a rubuta lambar rukunin kwalbar a littafi, domin ranar da sakamako ya sauya ita za a fara dubawa.