Tseren motoci: ƙafa 1,320 ko ƙafa 1,000?

Tseren miƙaƙƙiyar hanya a Amurka an san shi da kwatar mil, wato ƙafa 1,320. A 2008, bayan rasuwar direba Scott Kalitta a hatsarin tsere a garin Englishtown, hukumar NHRA mai shirya irin wannan tsere ta rage nisan motocin Top Fuel da Funny Car, rukunai biyu mafiya gudu, zuwa ƙafa 1,000.

Masoya tsohon nisa na kukan an raba su da tarihi, ba a iya gwada bajintar yau da ta jiya. Kukansu na da tushe, amma ni ina bayan ragin. A ƙarshen hanya ne inji ya fi fashewa, wuta ta tashi, dubban daloli su ƙone cikin ƙiftawar ido. Ƙafa 320 ɗin nan yanzu sun zama wurin tsayawa ga motar da ke haura mil 330 a awa, lemar rage gudu buɗe a bayanta.