Teburin sunuka mai ƙafa 9 a Rayfield: kuɗinsa ya ninka, amma ya ci kuɗinsa

Yawancinmu 'yan sunuka a Jos a kan ƙaramin tebur muka koyi riƙe sanda, irin mai ƙafa 7 da ake jefa wa kwandala ƙwallaye su zubo. Wani gidan wasa a unguwar Rayfield ya ajiye irinsa guda biyu, sannan ya kawo mai ƙafa 9, girman da ƙwararru ke gasa a kai a wannan wasan da Turawa ke kira “pool”, mu kuma muke ce masa sunuka. Saboda babban nake zuwa, duk da kuɗin wasansa ya ninka na ƙananan.

Filinsa inci 100 ne a tsawo, 50 a faɗi. Na ƙaramin kuwa kusan 78 ne da 39, alhali ƙwallo 15 ɗin nan ce dai da fara a kowanne. Shi ya sa a ƙaramin tebur ƙwallaye ke cunkushewa kamar bakin kasuwar Terminus da yamma. Aikinka a can shi ne warware cunkoso da lallaɓa farar ta tsaya inda kake so. Rami na kusa, ko hannunka ya ɗan karkace sau tari ƙwallo za ta faɗa.

Babban ba ya yafe wannan. Karkacewar da ido ba ya gani, kafin ƙwallo ta kai ɗaya ƙarshen ta isa ta sa ka kuskure rami. Za ka ga gwanin unguwa yana zubar da bugun da ya saba ci ido rufe. Amma akwai sarari, kana iya tsara bugu uku a gaba.

Abin da ya fi burge ni farar ƙwallon ce. A yawancin teburan kwandala ana sa mata maganaɗisu ko a ƙara mata girma don injin ya ware ta ya dawo da ita, to sai jawo ta baya ya yi wuya. A nan daidai take da sauran. Ka daki ƙasanta da sanda mai alli, ta bugi ƙwallo, ta dawo maka sumul. Ƙarƙashin ƙyallen kuma allon dutse ne, ba katakon da damina ke kumburawa ba. Yaron da ke kula da wurin yana share ƙyallen da buroshi, kuma kana ɗora kwalbar lemo a gefe za ka ji ya ce, “Yallaɓai, don Allah a sauke.”

Inda masu gidan suka gaza shi ne wurin da suka ajiye teburin. Sanda tana kai inci 57 ko 58, don haka tebur na buƙatar sararin kusan ƙafa 5 ta kowane ɓangare. Gefe ɗaya ya matse da bango, dole ka ɗaga gindin sanda ko ka nemi gajera. Abin nan yana min ciwo ƙwarai, domin tebur irin wannan bai cancanci lungu ba. Su matsar da kujerun ƙofa, wuri zai samu.

Mai son ya yi wasa a natse ya je da rana tsakiyar mako, don daren Asabar layi ake yi.