Biri shi kaɗai ko cikin garke?

Wasu masu kula da birai a keji sukan ware kowanne don gudun faɗa. Suna da hujja: a garke akwai cizo, babban namiji ya kwashe ayaba ya bar ƙanana da ɓawo.

Amma ka lura da biran da ke garke da hantsi. Ɗaya ya miƙe a rana, wani na tsefe masa gashi yana tsince datti, sau da yawa ma ta haka suke shiryawa bayan rigima. Wanda aka ware fa, wa zai tsefe shi? A shekarun 1960, gwajin masanin halayya Harry Harlow a Jami'ar Wisconsin ta Amurka ya nuna jariran birai da aka kaɗaita suna ƙanƙame jikinsu suna ta rangaji, wasu har cizon kansu suke yi.

Ni dai garke na zaɓa, a riƙa watsa abincin wurare da dama.