Memorin Ɗan Maraya da na sa aka tura mini a bakin tasha

Duk mai neman waƙoƙin marigayi Ɗan Maraya Jos a haɗe wuri guda, akwai wata rumfar tura waƙoƙi a bakin tashar Bauchi Road, nan Jos, da ta cancanci a leƙa. Ba zan kama sunan rumfar ba, domin ina da ƙorafi a kanta, kuma ba na so in taɓa wa yaro abincinsa. Wanda ya saba da tashar zai gane ta: ita ce mai sa waƙoƙin da da sassafe, kafin maƙwabta su kunna na zamani. Kwamfuta ɗaya ce a ciki, da sifika a ƙofa, da allon cajin waya. Ko ka kawo memorinka a tura maka, ko ka sayi sabo a wurinsa. Kuɗin turawar bai kai na farantin shinkafa da wake a tashar ba.

Ni direba ne, Jos zuwa Bauchi nake yi, kuma a mota nake sauraro. Abin da ya fara burge ni shi ne yaron bai zuba waƙoƙin haka kara zube ba. Ya ware na aure da zaman tare gefe guda, na masu sana'a gefe guda, na yabon manya a nasu wurin. Kuma waƙoƙin cikakku ne. Wanda ya yi zamanin kaset ya san takaicin waƙa ta kai tsakiya zare ya ƙare, ka juya ka tarar da wata daban. A nan kowace takan kai inda mai ita ya ajiye ta.

Waƙar Karen Mota na fara nema, don da wannan aikin na fara, a bayan wata tsohuwar roka. Yaran yanzu ba su san wahalarsa ba. Kai ne mai tashi kafin kiran assalatu ka wanke mota a sanyin Jos, kai ne mai ɗaure kaya da igiya har tafin hannunka ya tsage. In mota ta tsaya a hawa, kai za ka diro da gudu ka sa weji a tayar baya. In taya ta yi faci a dokar daji, kai ne a ƙarƙashi da jak, oga yana inuwa. In ta ƙi tashi, turi. Dare ya yi ka shimfiɗa kwali a gindin motar kana gadin kayan mutane. Da duk wannan, sunan da aka ba ka na kare ne, kuma ba uban da ke son ya ji 'yarsa ta tsaya da kai. Sai ga mawaƙin da ake ji a rediyo ya ɗauki aikin nan ya yi masa waƙa sukutum, yana yabon masu yinsa kamar yadda ake yabon masu rawani. Mu da muke ciki mun san abin da hakan ya yi mana. Wadda ke cikin memorin nan tsohon ɗauka ce, tana da ɗan shuu na kaset, amma muryar tana fita tar, kuma na fi son ta a haka.

Abin da ke ƙara mini ƙaunar bawan Allahn nan shi ne hanyar fada a buɗe take gare shi. Adamu Wayya ne sunansa, an haife shi a Bukur a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukur ne. Iyayen suka rasu yana ƙarami, sarkin ya riƙe shi, daga nan sunan Ɗan Maraya ya bi shi. Yaron da ya tashi a irin wannan gida zai iya ƙare rayuwarsa yana wasa sarakuna kawai, ba wanda zai ga laifinsa. Ya yi wa manya waƙa, gaskiya ne, suna nan cikin memorin, kuma ba su na fi kunnawa ba. Amma inda ya fi zuba basirarsa shi ne kan talaka da abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Lambobin girma na MON da OON da gwamnati ta ba shi ba su sa ya canza ba.

A hanya ake gane nauyin ɓangaren waƙoƙin aure. In Auren Dole ta shigo, motar takan canza. Na sha ganin mata a kujerar baya sun yi tsit, na kuma sha jin dattijo ya ce a rage sauti, sai wani ya ce a bari, musu ya kaure tun daga Tilden Fulani har Nabordo. Mutumin nan ya fito fili ya soki aurar da yarinya ga wanda ba ta so, a lokacin da ko maza ba sa iya buɗe baki a kan maganar a gaban iyaye. Ba shi da ofis, ba shi da ƙungiya, kuntiginsa kawai. Jawabin Aure kuma tana jan kunnen miji da mata su sasanta kafin a kai ga saki. Gulma Wuya ita ce ta fi sa fasinja dariya, saboda yadda yake juya murya ya zama wannan ya zama wancan shi kaɗai, amma in ka bi labarin, gida ake rushewa da baki da taimakon boka. Dukansu suna cikin memorin, da Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali, da Mai Akwai da Babu.

Ya rasu ranar Asabar 20 ga Yunin 2015, a farkon azumi. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makoma. Har yau ban daina jin rashinsa ba, kuma na lura ba mu Hausawa kaɗai ba ne. Garin nan ya sha wuta a 2001 da 2008 da 2010, unguwanni sun rabu, akwai inda mutum ba ya shiga bayan magariba. Duk da haka in na ɗauko Birom ko Angas ko ɗan kasuwa Ibo da aka haifa a Jos, kuntigin nan yana tashi sai ka ji yana bin waƙar a hankali, wani ma ya ce babansa yana da kaset ɗin. Kaɗan ne abubuwan da suka rage mana da kowa ke cewa nasa ne.

To, ga ƙorafina, kuma da gaske nake. Yaron ya ɗora muryarsa a kan waƙoƙin. Ana tsakiyar baiti sai ka ji an rangaɗa sunan rumfa da amsa-kuwwa. A waƙar rawa ta zamani wataƙila a haƙura. Amma Ɗan Maraya ba shi da 'yan amshi, ba shi da taron masu kalangu irin na Shata. Kuntigi tsirkiya ɗaya ce a kan gwangwanin kifi da aka rufe da fata. Daga ita sai muryarsa, kuma maganar ita ce waƙar. Ka rufe kalma uku, ka yanke zaren labarin. Wasu kuma ya ƙara musu gunjin ƙasa don su daki sifika, sai amon tsirkiyar ya nutse, ƙofar mota ta riƙa karkarwa a banza.

Na koma na same shi. Na ce, "Ɗana, me ya sa kake sa bakinka a kan maganar manya?"

Ya ce, "Baba, in ban sa ba, gobe na kusa da ni zai kwafe ya sayar kamar shi ya sha wahalar tarawa."

Na gane uzurinsa, don ya sha wahalar da gaske, wasu daga tsofaffin kaset ya juyo su da kansa. Amma na ce masa ya sa tambarin a farko ko a ƙarshe, ya bar tsakiya. Bai yi musu ba. Ashe yana da na asalin a ajiye, ya goge mini waɗancan ya tura masu tsabta, bai karɓi ko sisi ba. Wannan halin ne ya sa nake tura mutane wurinsa.

Sauran ƙananan abubuwa: akwai waƙar Haruna Uji ɗaya da ta ɓuya a cikin na Ɗan Maraya, alhali Uji gurmi yake kaɗawa, amonsa ya fi kauri, kunne ba ya rikita su. Wasu waƙoƙin ba suna, lamba ce kawai, sai ka kunna ka san mece ce. Memorin da yake sayarwa kuma mai araha ne, ya fi kyau ka zo da naka.

Abu ɗaya yana damuna wanda ba laifin yaron nan kaɗai ba ne. Na tambaye shi ko wani abu daga kuɗin nan yana kaiwa ga magadan marigayin, ya ce shi bai san hanyar da ake bi ba. Dukanmu muna cin moriyar muryar mutumin da ya yi shekaru yana kare haƙƙin mai ƙaramin ƙarfi, kuma ba mu tanadi hanyar biyan nasa haƙƙin ba. Ya kamata ƙungiyoyin mawaƙa da masu tura waƙoƙi su zauna a kan wannan.

In za ka je, ka je da safe kafin lodi ya yi zafi, lokacin yana da sukunin saurarenka. Ka ce masa kana son waɗanda ba tambari, ba ƙarin gunji, kuma ka sa ya gwada maka biyu ko uku a sifikarsa kafin ka biya. Ya kuma roƙe ni in isar da saƙo: duk mai tsohon kaset ɗin Ɗan Maraya a akwati, ko da zaren ya tsinke, ya kawo masa. Zai liƙe shi, ya juye a kwamfuta, ya mayar maka da kaset ɗinka tare da kwafi kyauta.